Darasi: Sunan Dala da Yankan Tsumburbura

'Yan'uwa, in mun hau Goron Dutse mu kan hangi Dala. Sunan mutum ne, kakan Barbushe. Tarihin Kano ya ce a zamanin Barbushe jama'a su kan taru a gindin dutsen da baƙin kare, da baƙar kaza, da baƙin bunsuru, su yanka wa Tsumburbura. Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe ɗakin tsafin. Yankan ya mutu, amma sunan kakan yana bakinmu kullum.

A Kumasi kuwa, ran bikin Adae, Asantawa su kan miƙa wa baƙaƙen kujerun sarakunansu da suka rasu abinci. Mai bi fa, in aka gayyace shi, ina zai tsaya? Mu karanta Ibraniyawa 13:7 da Fitowa 20:3-5 kafin mu amsa.