Kare a Gida, Yaro a Tsakar Gida

Kai maigida, ke uwargida, wannan darasi naku ne in kuna da kare, ko maƙwabcinku yana da shi. Kare yana da amfani. Yana tsaron gida da dare, yana bin garke, yana korar dila daga akurkin kaji, yana raka mafarauci daji. Ba mu ce a rabu da shi ba. Amma sau da yawa yaron da aka kawo asibiti da cizon kare, ba baƙon kare ne ya cije shi ba. Karen gidansu ne, ko na gidan da yake shiga wasa kullum. Kusan kowane lokaci iyayen magana ɗaya suke yi: "Likita, bai taɓa cizon kowa ba." Gaskiya suka faɗa. Bai taɓa ba, sai ran nan.

Me ya sa yara ne suka fi shan cizo?

Dubi tsawon ɗanka mai shekara biyu ko uku. Fuskarsa daidai take da bakin kare. Babba in kare ya cije shi, a ƙafa ne ko a hannu. Ƙaramin yaro kuwa a kumatu, a leɓe, a kunne, a wuya. Waɗannan wurare suna zubar da jini da yawa, suna barin tabo, kuma suna kusa da ƙwaƙwalwa. Za mu koma kan wannan a gaba.

Ban da haka, yaro bai san kare ba. A wurinsa kare abin wasa ne. Yana jan wutsiya, yana hawa baya kamar jaki, yana tsokane ido, yana rungume wuya. Yana yawo da ƙosai ko ƙashi a hannu, daidai hancin karen da ya kwana da yunwa. In ya ji tsoro sai ya ruga da ihu, shi kuwa kare halinsa ne ya bi abin da ke gudu.

Akwai lokatan da ko kare mai sanyin hali yakan yi cizo. Lokacin da yake cin abinci. Lokacin da yake barci aka taka shi ko aka faɗa masa. Lokacin da yake ciwo, ko ƙaya ta soke shi, ko ya tsufa idonsa ya dushe. Mafi haɗari duka ita ce karya mai jego. An taɓa kawo mana wata yarinya ƴar shekara uku da rauni daga kumatu har kunne. Karyar gidansu ta haihu a ƙarƙashin rumbu, yarinyar ta rarrafa ta shiga don ta ɗauki kwikwiyo ta goya. Uwarta tana daka, taku goma tsakaninsu. Karyar ba ta da hauka, ƴaƴanta take karewa kamar yadda kowace uwa za ta yi. An ɗinke fuskar daga baya, amma tabon yana nan.

Saboda haka ga doka ta fari, wadda ta fi sauran duka: kada a bar jinjiri ko yaron da bai kai shekara biyar ba shi kaɗai da kare, ko da na ɗan lokacin zuwa rijiya ne. Kada a shimfiɗe jinjiri a tabarma a tafi, kare yana yawo a tsakar gida. Ƙanshin nono da kunu a bakin jinjiri yana jawo shi. Kuma ƴar shekara bakwai da aka bar wa raino ba ta isa ta tare kare ba. Ita ma yarinya ce.

Kare yana gargaɗi kafin ya ciji

Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Cizo ma yana da alamarsa. Jikinsa zai sandare. Gashin doronsa zai tashi. Zai kwantar da kunnuwa baya, ya yi gurnani, ya yaƙe haƙora. Wani zai matse wutsiya tsakanin ƙafafu ya nemi kusurwa ya ɓuya. Wannan tsoro yake ji, kuma kare mai tsoro in aka tsare masa hanya, cizo yake yi. Kaɗa wutsiya ma ba kullum ne murna ba.

In ka ga haka, ɗauke yaron. Kada ka doki kare don ya yi gurnani. Gurnani shi ne sallamarsa. In ka hana shi da sanda, wata rana zai ciji ba sallama.

Yaron da ya fara wayo, koya masa da wasa, ka maimaita har ya zauna masa. In kare ya taso masa, ya tsaya cik kamar icce, hannuwa a ƙirji, kada ya zuba masa ido, kada ya yi ihu, kada ya ruga. Yawanci kare zai shinshina shi ya wuce. In kare ya kayar da shi, ya dunƙule kamar bushiya, ya rufe fuska da wuya da hannuwansa. In yana riƙe da abinci, ya jefar gefe. Ku hana yara jifan karnuka. Kare ba ya mantuwa, kuma ba lallai ne wanda ya jefe shi zai cije ba. Wataƙila ƙanensa ne da ke rarrafe.

Abu ɗaya kuma, mai muhimmanci ƙwarai: ku gaya wa yaranku cewa in kare ya cije su ko ya yakushe su, su faɗa nan take, ba wanda zai doke su. Yara da yawa suna ɓoye ƙaramin rauni don tsoron bulala. Ƙaramin raunin nan da aka ɓoye shi ne ke kisa.

Ciwon haukan kare

Rauni yakan warke. Abin da muke tsoro shi ne ƙwayar cutar haukan kare, wadda take cikin miyaun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta wurin cizo, ko yakushi, ko in kare ya lashi gyambo ko ido ko baki. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci tana ɗaukar wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya kawai, wani lokaci har shekara. In cizon a fuska ne ko wuya, tafiyar gajeriya ce. Shi ya sa cizon ƙaramin yaro ba ya jiran gobe.

A duk wannan lokaci yaron lafiya lau yake, raunin ya rufe, kowa ya manta. Sai wata rana zazzaɓi, da ƙaiƙayi ko zafi a wurin tsohon cizon. Sai firgita, da dalalar miyau. Yana jin ƙishirwa, amma in an miƙa masa ruwa sai maƙogwaro ya shaƙe, ya ture kwanon. Idan ciwon ya kai nan, ba mu da magani. Babu a nan, babu a Yamai, babu a Faransa. Kusan duk wanda alamun suka bayyana a jikinsa mutuwa yake yi cikin ƴan kwanaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Wajen 4 cikin kowane 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu daga kare suka ɗauka. Abin baƙin ciki shi ne, allurar da ke tare ciwon ta daɗe a duniya. A shekarar 1885 wani masani a Faransa, Luwi Pasta, ya fara yi wa mutum ita, kuma wanda aka yi wa yaro ne ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya cije. Ya rayu.

Kada ka ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai irin wannan, akwai kuma mai shiru. Shi zai kwanta, muƙamuƙinsa a sake, miyau yana zuba, ƙafafun baya sun mutu. Mutane sukan ce ƙashi ne ya maƙale masa, su sa hannu a bakinsa don su ciro. Kada ka yi haka. Duk karen da halinsa ya sauya ba dalili, ko muryar haushinsa ta sauya, ku nisanta yara da shi, ku kira likitan dabbobi.

Idan kare ya ciji yaro

Tun kafin a nemi mota ko babur, a wanke. A samo sabulu da ruwa mai yawa, a riƙa kwarara ruwa a kan raunin ana wankewa da kumfa, minti 15. Minti 15 yana da tsawo fiye da yadda kake zato, kuma yaron zai yi kuka. Ku riƙe shi, ku ci gaba. Wannan wanki yana fitar da ƙwayoyin cutar da yawa kafin su kama jijiya. Sabulun wanki ma ya isa. In akwai Bétadine a gida, a shafa bayan wankin. In jini yana zuba da ƙarfi, a danne da tsumma mai tsabta.

Kada a zuba barkono, ko toka, ko kashin shanu, ko kananzir. Mun san al'adar ƙona gashin karen da ya yi cizon a shafa a raunin. Kakanni sun yi haka da kyakkyawar niyya, amma ba ya kashe ƙwayar cutar, ƙazanta yake ƙarawa. Mutane suna ganin kamar yana aiki ne domin karnuka da yawa masu cizo ba su da hauka tun farko. Ran da aka gamu da mai haukan, gashi ba zai tare kome ba. Ku yi addu'a, amma ku yi ta kuna kan hanya.

A kawo yaron asibiti a ranar. Ku gaya wa likita yaushe abin ya faru, karen wa ne, ko an taɓa yi masa allura, da inda yake yanzu. Kada ku yi mamaki in likita bai ɗinke raunin nan da nan ba. Sau da yawa ya fi kyau a bar shi a buɗe tukuna. Zai duba ko yaron yana bukatar allurar tetanos da maganin hana ruɓewa.

Allurar haukan kare ba sau ɗaya ake yin ta ba. Ana yi ranar farko, a koma rana ta 3, a koma rana ta 7, wani lokaci da ƙari ɗaya a bayan mako biyu. In raunin mai zurfi ne ko a fuska, akwai wata allurar dabam da ake yi a cikin raunin kansa, inda ake samunta. Jinjiri yana iya karɓa, mai ciki da mai shayarwa ma haka. Mun san akwai kuɗin allura da kuɗin hanya, mun san da damina gona ba ta jira. Amma wanda ya karɓi ta farko ya bar sauran, bai gama tsare ɗansa ba. In kuɗi ne ya tsaya, ku faɗa wa ma'aikatan asibiti da dangi da shugabannin jama'arku, kada ku koma gida shiru.

Karen fa? In na gida ne kuma ana iya kama shi ba haɗari, kada a kashe shi cikin fushi. A ɗaure shi inda yara ba sa zuwa, a ba shi ruwa da abinci, a lura da shi kwana 10. In yana da ƙwayar cutar a miyaunsa ran da ya yi cizon, zai nuna ciwo ko ya mutu cikin kwanakin nan. In ya cika kwana 10 garau, ku sanar da likita, shi zai ce ko a tsayar da allurar. Amma ba a jiran kwana 10 kafin a fara. In karen ya ɓace, ko an riga an kashe shi, a ɗauka yana da haukan. Kada a taɓa gawarsa da hannu tsirara, kada a ci namansa.

Nauyin da ke kan mai kare

A cikin Littafin Fitowa, sura 21, akwai shari'a a kan sa mai tunkuyi. In an san halinsa, an gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, har ya kashe mutum, alhakin yana kan mai san. Kare ma haka ne. Idan karenka ya taɓa bin yaro ko ya kai cizo, an gargaɗe ka ke nan. Kada ka ce yaran maƙwabta ne suka tsokane shi. Yara za su tsokana, kai ne babba.

Ka kai karenka a yi masa allurar hauka tun yana wata 3, a sake kowace shekara, ka adana takardar. Masana sun nuna cewa in an yi wa kare 7 cikin 10 allura a gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, kuma haukan kare ya ragu ƙwarai a birnin. Kai kaɗai ba za ka iya wannan ba. Ku yi magana da mai gari da liman da fasto, a nemi ma'aikatan dabbobi su sa rana su zo ƙauyenku. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya, lokaci ne mai kyau na tambaya.

Ka ciyar da karenka, ka ajiye masa ruwa, musamman da bazara. Karen da aka bari ya nemi abincinsa a juji shi ne ke faɗa da karnukan daji ya kawo ciwo gida, shi ne kuma ke fizgar tuwo daga hannun yaro. Ka ba shi abincinsa a gefe guda, nesa da inda yara ke zama. Ka kwashe kashinsa daga tsakar gida ka binne, gama akwai ƙwan tsutsar ciki a ciki, yara kuwa suna wasa da ƙasa suna kai hannu baki. Ran suna ko biki, da gida ya cika da baƙi da yara, ka ɗaure shi a inuwa a bayan gida. Amma ɗauri dare da rana, shekara da shekaru, yana ƙara masa mugunta. In karya ta haihu, a kewaye wurin da zana har ƴaƴan su girma. In ba ka iya riƙe kwiyakwiyan ba, ka nemi wanda zai riƙe su, kada ka watsar a bakin kasuwa.

In kuwa abin ya riga ya faru, karenka ya ciji ɗan wani, kada ka ɓoye karen, kada ka ce an yi masa allura alhali ba a yi ba. Likita zai yanke shawara ne a kan maganarka. Ka ɗauki takardar allurar in akwai, ka raka iyayen asibiti, ka sa hannu a kuɗin magani, sa'an nan ka koma ka ɗaure karen ka fara ƙidaya kwana 10.