Yadda Ake Auna Ƙeƙasar Zuciyar Yarinyar da Ta Yi Laifi

Idan aka kama 'yar shekara 15 a Gwarzo ko Kabo da babban laifi, kafin ta ga alƙali gari ya gama yanke mata hukunci: "Ba ta da imani, ko gezau ba ta yi ba." Likitocin ƙwaƙwalwa ba sa wannan gaggawa. A wurinsu ƙeƙasar zuciya, wato rashin tausayi da rashin nadama da suka zama hali, auna ta ake yi daki-daki.

Ana farawa da tattara tarihi. Daga waɗannan garuruwa sai an dangana da Kano, inda gidan ajiye yara na Goron Dutse yake, ƙwararru kuma suna asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano. Mai binciken zai karanta bayanan 'yan sanda da na kotu, ya ji ta bakin iyaye, malaman makaranta da mai unguwa. Bakin mutum ɗaya ba ya isa.

Sai zama da yarinyar, a tsanake. Ma'aunin da ya fi shahara a duniya shi ne PCL:YV, wanda Adelle Forth da David Kosson da Robert Hare suka fitar a 2003 don 'yan shekara 12 zuwa 18. Halaye 20 yake dubawa, ciki har da daɗin baki na yaudara, yawan ƙarya, ɗora wa wasu laifi, saurin fushi da fara ɓarna tun ƙuruciya. Kowane hali ana ba shi 0 in babu, 1 in akwai alama, 2 in ya tabbata, jimilla 40. Ba a sa wani maki da za a ce yaro ya tabbata mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba, domin har yanzu girma yake yi.

Wurin fassara makin nan ne aka fi zaluntar 'ya mace. Yawancin binciken farko a kan maza aka yi shi. A 2005 Candice Odgers da abokan aikinta suka gwada ma'aunin a kan 'yan matan da ke tsare a Amurka, suka ga da zarar an sa cin zarafin da aka yi musu cikin lissafi, alaƙar makin da tashin hankalinsu sai ta dusashe. A ƙasar Hausa kuwa ga kunya da kawaici: yarinyar da ta sunkuyar da kai ta yi shiru gaban baƙon namiji tarbiyya take nunawa, ba taurin zuciya ba. Dole a tambayi me aka yi mata: duka, fyaɗe, aikatau, auren dole, ko shaye-shaye. Mutanen Kano ba su manta da 'yar shekara 14 ta yankin Gezawa ba, wadda aka tuhuma a 2014 da zuba wa mijinta shinkafar ɓera, gwamnati ta janye ƙarar a 2015.

Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ma ya gindaya sharaɗi: sai halin ƙeƙasar zuciyar ya ɗauki aƙalla wata 12, kuma an gan shi a wurare daban-daban, ba ranar kamu kaɗai ba.

Daga ƙarshe a rubuta wa kotu rahoto mai bayyana irin magani da kulawar da take buƙata, ba tare da liƙa mata suna ba. Kano ta samu dokar kare yara a 2023. Don haka ya kamata alƙalan Gwarzo da Kabo su riƙa neman wannan rahoto kafin su yanke wa kowace yarinya hukunci.