Maɗori da Jinyar Raunin Ƙugu da Ƙafa na 'Yan Kokawa a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Da zarar kaka ta yi a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, sai filayen kokawa su cika. Da yake ƙarfin ɗan kokawa a ƙugu da ƙafa yake, nan ne rauni ya fi samunsa. Wannan maƙala za ta duba yadda maɗori yake jinyarsa, da inda iyakarsa take.

2.0 Gane Rauni

Bahaushe ya bambanta targaɗe da gocewa da tsagewa da karaya. Maɗori yakan lalubi wurin da hannu, ya dubi kumburi, ya sa majinyaci ya gwada takawa. Wanda ya kasa aza ƙafa a ƙasa, ana kyautata zaton ƙashi ya taɓu.

3.0 Jinya

Targaɗe gashi da tausa da man shanu ake yi masa. Karaya kuwa sai a daidaita ƙashi, a ɗaure da karare. Ƙwaurin baligi yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya haɗe, sannan a fara takawa da sanda. Gaggawar komawa fage ita ke mayar da ciwo ɗanye.

4.0 Kammalawa

Ɗori yana da iyaka. Ɗaurin da ya matse yakan tsayar da jini har ƙafa ta ruɓe. Karayar ƙugu kuma takan zubar da jini ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Irin wannan sai asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, domin a ɗauki hoton ƙashi. Gwanin maɗori shi ne wanda ya san raunin da ya fi ƙarfinsa.