Darasi: Injin Ban-ruwa, Ƙaho, Da Wurin Da Babu Iska



Makon jiya bayan la'asar wani manomin albasa daga fadamar Wurno ya tare ni. "Malam, sammu aka yi min. Injina lafiya lau, amma tun da bazara ta kama ya ƙi ɗago ruwa." Har ya haɗa kuɗin boka, wa'iyazu billahi. Na tambaye shi zurfin ruwan, ya ce ya sauka kusan gaba biyar.

To, ku dubi ƙaho, wanda Annabi (SAW) ya yi. Wanzami ya ɗora shi, ya zuƙe iskar ciki, ya toshe, sai fata ta kumburo. Wurin da aka kwashe wa iska haka shi ake kira khala'u da Larabci. Iskar da ke kanmu tana da nauyi, kusan kilo 1 a kan faɗin farcen yatsa, ba mu jin sa ne kawai don jikinmu ma yana turawa daga ciki. Injin yana rage iskar cikin tiyo, sai iskar waje ta danne ruwa ya hau. Ƙarfinta kuwa yana ƙarewa a wajen mita 10, a gona ma da ƙyar ya wuce 7 ko 8. Gaba biyar kusan mita 9 ke nan.

Magabata sun daɗe suna jayayya a kan khala'u. Aristo ya ce ba zai yiwu ba. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta risala a kai, ya goyi bayansa. Malaman kalam irin su Fakhruddin Arrazi suka ce yana yiwuwa. A 1643 Torricelli na Italiya ya samar da shi a cikin bututun gilashi. Ni dai abin da nake son ɗalibai su riƙe: khala'u yana da tsawo da faɗi, haske yana ratsa shi ko da sauti ba ya wucewa. Don haka halitta ne, Allah ne ya yi shi, kada a ruɗa shi da rashin samuwa.

Mutumina kuwa na ce ya haƙa rami kusa da rijiya ya sauke injin ƙasa, ya duba ko tiyo ya huje. Shekaranjiya ya aiko min da kwandon albasa.