Dokokin Zaman Sabo a Kakar Zaɓe: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Guguwar zaɓen shugaban ƙasa ta sake kaɗawa. Fastoci sun rufe bango daga Mokola har Adamasingba, teburin mai shayi ya koma majalisa, duk yaron da ya riƙe waya ya zama malamin siyasa. Ni a Sabo aka yanke mini cibi, a garin nan aka binne mahaifina, wanda fataucin goro ya kawo shi Badun, wato Ibadan, daga Kano. Tun 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa, kuma iya zama da mutane ne ya kai mu sama da shekara ɗari a cikinta. Wanda za a zaɓa Abuja zai tare. Bayaraben da kuke haɗa katanga yana nan inda ka bar shi. Saboda haka ba lallashi na zo yi ba. Ga dokoki. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

ABIN DA ZA A YI

1. Ka mayar da katinka inda kake kwana. A Sabo kake ciniki, a Sabo 'ya'yanka ke karatu, magudanar da ta toshe a ƙofar gidanka ta Sabo ce, amma katin zaɓenka yana can ƙauyen da rabonka da shi tun bikin ƙanwarka. Hukumar zaɓe ta ba da damar sauya rumfa idan an buɗe rajista. Ka je ka sauya. Ɗan siyasa ba ya ƙirga kawunan da ke kasuwa, sunayen da ke rajista yake ƙirgawa. Unguwar da ba ta da ƙuri'a, baƙuwa ce ko ta shekara dubu.

2. Ka yi tanadi tun da sauran kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kun ga abin da ya faru a 2023: bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya, tsabar kuɗi ta ɓace ana gab da zaɓen 25 ga Fabrairu. A Sabon da aka sani da canji, sai ga mutum yana sayen naira da naira a wurin masu POS. Na tsaya gaban mai tsire da kuɗi cike a asusu, amma tiransifa ta ƙi tafiya, na koma gida hannu rabbana. Matasan gari suka tare hanyoyi, aka ƙona tayoyi. Ka ajiye hatsi na mako biyu, maganin tsohuwa, da 'yan kuɗi a hannu. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirga; mai tsohon ciki a gida, a san inda za a kai ta tun jiya.

3. Ku haɗa baki, ku yi ciniki da ƙuri'arku. Ku koyi darasi wurin masu garin. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 jihar Oyo ta bai wa Bola Tinubu na APC ƙuri'a 449,884, Atiku Abubakar na PDP ya tashi da 182,977. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, mutanen nan dai suka mayar da Seyi Makinde na PDP kujerar gwamna. Sun san abin da suke nema a Abuja, sun san abin da suke nema a gidan gwamna na Agodi, ba su haɗa su a ƙwarya ɗaya ba. Mu da muka gaji ciniki tun zamanin masu gida da dillalan shanu, me ya sa idan ɗan takara ya shigo sai mu manta da tayi? 'Yan canji, mahauta, masu goro, masu gwari na Shasha, 'yan kara na Akinyele, a zauna a rubuta buƙata uku ko huɗu: ruwa, magudana, makaranta, tsaron kasuwa. A karanta masa a gaban jama'a, a ajiye takardar don ranar da zai dawo.

4. Ranar zaɓe ka fita da wuri, da katinka, da hularka ta kullum. Jar hula, tsintsiya, lema, duk a bar su a gida. Doka ta hana alamar jam'iyya kusa da rumfa. Ka bi layi, na'ura ta tantance yatsanka ko fuskarka, ka dangwala a ɓoye. In za ka jira ƙidaya, ka jira da natsuwa, ka ga an rubuta sakamako an manna a bango. Daga nan sai gida.

5. Ka ninka gaisuwa. Wannan ita ce dokar da ta fi sauran nauyi, kuma da ido na koye ta. A 1993, bayan Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni, ƙasar Yarbawa ta ɗauki zafi, jita-jitar yaƙi ta cika gari. Baba ya karyar da goronsa a rabin kuɗi, ya loda mu a motar shanun da za ta koma Arewa wayam. Har yau ina jin warin kashin shanu a tabarmar da muka zauna a kai. Makullin shago ya miƙa wa wata tsohuwar Bayarabiya mai sayar da barkono a gefenmu, wadda ba mu san ta da wani suna ba sai Iya. Da muka dawo bayan wata uku, ta kwance bakin zaninta ta ciro makullin. Ko tsinke bai ɓata ba, har share ƙofar take yi. Abin da Baba ya saye ta da shi bai wuce gaisuwar safe da 'yan ƙwaryar goro ranar sunan jikanta ba. Kuma ku tuna, a wancan zaɓen Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, mahaifar Tofa. Iyayenmu ba su duba yare ba. Ku ma kada ku fara.

6. In an taɓa ka, ka kai ƙara. Akwai Sarkin Hausawa, akwai shugabannin kasuwa, akwai masu unguwannin Yarbawa har zuwa fadar Olubadan. Wannan hanya an gwada ta tun kafin a haife ka. Ba kai za ka rama wa Arewa ba.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ka tura abin da ba ka gani da idonka ba. Saƙon murya ya shigo WhatsApp: "Ana kashe 'yan'uwanmu a kudu, a yaɗa saboda Allah." Wa ya faɗa? A wace unguwa? Yaushe? In ba ka da amsa, ka goge. Magana zarar bunu ce. A watan Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro. Da labari ya isa Kano, aka far wa Yarbawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Fabrairun 2021, a nan Shasha, gardama kan tumatirin da ya zube a gaban wani shago ta jawo mutuwar wani mai gyaran takalma, washegari kasuwa ta kama da wuta, aka yi asarar rayuka da dukiya, har gwamnonin Arewa huɗu suka yi takakkiya zuwa Ibadan. Wancan fa ba lokacin zaɓe ba ne. In kwandon tumatir ya iya haka, ina ga ƙaryar da aka tura wa mutum dubu a daren ƙidaya?

2. Kada ka sayar da ƙuri'arka. Taliya leda biyu, sabulu, atamfa turmi ɗaya, 'yan dubbai a ambulan. Ka raba kuɗin da kwanakin shekara huɗu ka ga nawa ya saye ka a yini. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wanda ya biya ka ranar Asabar ba ka bin sa bashin komai ranar Litinin. Hajiya, da ke nake musamman, domin ta zauren mata suke fi shigowa.

3. Kada ka yi wa kowa banga. Kai saurayi mai ji da ƙarfi, Badun ta girme ka a wannan harka. A nan aka yi "wetie" bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, ana watsa wa mutane da gidaje fetur, abin da ya share fagen juyin mulkin Janairun 1966 wanda ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola. Garin da ya ga wannan ba ya buƙatar gudummawarka. In ɗan gari ya fasa akwati, sunansa za a kira. In kai ka fasa, "Hausawa" za a ce, kuma mai turin baro a Bodija da bai taɓa ganin fuskarka ba shi zai biya. Wanda ya ba ka kuɗin ƙwaya, 'ya'yansa suna Ingila.

4. Kada a hau mumbari da jam'iyya. A shekarun 1950 jam'iyyu sun shigo Sabo sun nemi raba ta, wannan yana NCNC, wancan yana Action Group. Sahun salla ne ya riƙe unguwar. A 1952 Sabo ta fara Juma'arta a masallacinta. Malam, Allah ya gafarta maka, ka yi mana wa'azin amana da haramcin zubar da jini, ka tsaya nan. Ranar da ka ambaci ɗan takara, rabin sahu ya daina jin ka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. Kada ka yi murna a kan titi, kada ka yi fushi a kan titi. In naka ya ci, ban da jerin gwanon babura ta Mokola, ban da gwalo. In ya faɗi, akwai kotu, kuma ba kai ne lauyansa ba. A Afrilun 2011 fushin sakamako ya ci rai sama da 800 a Arewa, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi. A 2015 kuwa Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, ƙasa ta kwana lafiya. Mai kujerar ya haƙura. Kai da ko kansila ba ka nema, me ya yi maka zafi?

6. Kada ka yanke zumunci saboda ɗan takara. Na san 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka shekara ba sa ga maciji saboda zaɓen da ya wuce. Iyayen gidan nasu kuwa tuni suka koma jam'iyya ɗaya, ana ɗaukar su hoto suna dariya. Kada kuma ka karɓe katin matarka ko ka tsare ta da "wa kika zaɓa?" Aure ka ɗaura da ita, ƙuri'arta ba ta cikin sadaki.

7. Kada ka tattara ka gudu saboda "an ce". Baba ya yi nadamar goron da ya karyar har ya koma ga Allah. In shugabanni sun ga hatsari na gaskiya, za su faɗa a masallaci da baki ɗaya. Kafin nan, shago a buɗe.

Ranar Litinin bayan sakamako, tirelar tumatir za ta sauke a Shasha, mai tsire zai hura wuta, fastocin za su fara ɓarewa da ruwan farko. Kafin ranar ta zo, ka tsaya a ƙofar shagonka ka dubi dama da hagu, ka tambayi kanka: in ta ɓaci yau, wa zan miƙa wa makulli? In ba ka samu amsa ba, ka ajiye wayar nan, ka je ka yi gaisuwa.