Noman Ɗanyar Kabewa a Bayan Gida

Ba Bakanon da bai san kabewa ba, gama ita ce uwar miyar taushe. Amma kabewa iri-iri ce. Wadda muka saba da ita tana yaɗo, tana hawa danga da rufin ɗaki, ba a cire ta sai ta ƙosa, ɓawonta ya yi tauri. Akwai kuwa wata 'yar'uwarta wadda ake cirewa tun tana ɗanya, a ci ta duk da ɓawo. Doguwa ce, koriya, kamar kokwamba. Mutanen Italiya su suka fitar da irinta a ƙarni na 19, suna ce da ita zukini. Asalin dangin nan duka daga Amurka yake. A ƙasar Meziko an tono 'ya'yan kabewa cikin wani kogo, waɗanda suka kai shekara 10,000, kuma Turai ba ta san ta ba sai bayan 1492.

Dalilin da ya sa muka kawo maka zancenta shi ne wuri. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a dā bayan gari ne, da gonaki. Yau gini ya cinye su. Kayan miya daga nesa suke zuwa, daga lambunan Kura da Kadawa masu shan ruwan Tiga, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kafin su biyo ta 'Yankaba su iso kasuwar Tarauni, kowane hannu ya ɗora ribarsa. To, ɗanyar kabewa ba ta yaɗo, tsugune take wuri guda. Mai fili taku 4 a bayan ɗaki yana iya dasa gindi 3, su ishi gidansa.

Ka zaɓi inda rana take samu sosai. Ka haƙa rami, zurfinsa kamu ɗaya, ka cika shi da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, kada ka sa. Tsakanin rami da rami ƙafa 3. Ka binne ƙwaya 2 ko 3, zurfin inci 1. Cikin mako guda sai ka ga tsiro. Ka bar mai ƙarfi, ka cire sauran.

Ana shuka ta da damina, amma laimar Agusta tana ruɓar da ita, zafin bazara kuma yana zubar da fure. A ganina gwamma ka shuka a ƙarshen Oktoba ko a Nuwamba, ka yi ban ruwa. Ka zuba ruwan a gindi da safe, kada ka jiƙa ganye, domin akwai wata cuta mai kama da farar toka da take bin ganyenta. Ruwan kwata kuwa kada ka kusanto da shi, abin ci ne kake nomawa.

Yanzu sai ka kasa kunne, gama a nan yawancin mutane suke fid da rai. Furen kabewa biyu ne, namiji da mace, a gindi ɗaya. Namiji yana bisa siririyar sanda. Mace kuwa tana da ɗan ƙaramin ɗa a ƙarƙashinta. Maza su suke fara fitowa, su bushe su faɗi, mutum ya ce shukarsa ta lalace, alhali lokaci ne bai yi ba. Kowane fure safiya ɗaya yake buɗewa. Ƙudan zuma shi yake ɗaukar garin namiji ya kai wa mace. In bai zo ba, sai ɗan ya yi rawaya ya ruɓe. Cikin gari zuma ba ta da yawa, saboda haka kai za ka yi aikinta. Da hantsi ka tsinki namiji, ka fige ganyen furen, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar mace. Shi ke nan. In ka fesa maganin ƙwari da safe, ka kashe ma'aikatanka.

Kwana 45 zuwa 60 bayan shuka za ka fara yanka. In ta kai tsawon taƙi ɗaya, watau inci 6 zuwa 8, kuma farce yana shiga ɓawonta ba wuya, ta isa. Ka yanke da wuƙa, kada ka fizga. Ka duba bayan kowane kwana 2, gama tana girma da sauri ƙwarai. Wanda ya bar ta ta yi ƙatuwa don kwaɗayi, uwar sai ta rage haihuwa.

Ka gaya wa uwargida ba a fere ta, kuma ba ta son wuta mai yawa. Kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. A yayyanka ta, a soya da albasa da tattasai da ɗan mai minti 5 zuwa 10, ko a jefa ta cikin dafa-duka dab da saukewa. Tana shiga taushe tare da yakuwa da alayyafo da niƙaƙƙiyar gyaɗa, amma ba ta ɗaure miya kamar ƙosasshiya, kuma ba ta kai ta gyaran ido ba, gama abin da yake maganin dundumi a jan tsoka yake. Ba ta ajiyuwa kuma, sai kwana kaɗan.

Kafin a dafa, a ɗanɗana ɗan yanki. In aka ji ɗaci mai tsanani, a tofar, a zubar da ita duka, gama dafi ne mai kawo amai da zawo, wuta kuwa ba ta kashe shi. Kada ka ajiye irin wannan gindi don shukar baɗi.