Ido, Ɗigo da Taswira: Gyaran Allon Ƙaramar Kwamfuta a Jirgin Ruwa

Gabatarwa

A daren 29 ga Nuwamba, 2014, wani jirgin tsere mai suna Vestas Wind ya hau kan duwatsun murjani na Cargados Carajos a Tekun Indiya, fiye da kilomita 400 arewa maso gabas da tsibirin Moris. Mutum 9 da ke ciki sun tsira da ransu, amma jirgin ya yi kaca-kaca. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa duwatsun suna cikin taswirar kwamfutar jirgin, sai dai ba sa bayyana sosai muddin ba a kusanto da hoton wurin ba. Wannan ya nuna cewa abin da kwamfuta ta sani daban, abin da allonta ya nuna wa ido daban.

A yau masu ƙananan jiragen ruwa da yawa suna haɗa na'urar neman hanya da kansu. Sukan sayi Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu da ta fito daga Kambirij ta Ingila a 2012, su ɗora mata manhajar kyauta mai suna OpenCPN, su haɗa ta da GPS da ƙaramin allo. Matsalar da ta fi damun su ita ce ta rashin daidaiton hoto a kan allon.

Ɗigo da iyakar gani

Duk hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigogi ne masu haske, waɗanda ake kira fiksil. Idan an ce allo 1024 × 600 ne, ana nufin ɗigo 1024 a kwance, 600 a tsaye. Allo mai inci 7 faɗinsa kusan milimita 154 ne, tsayinsa kuwa 86. Ke nan kowane ɗigo bai wuce milimita 0.15 ba.

Shi ma ido da irin nasa ɗigogin. A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu masu karɓar haske: masu siffar mazurari, da ke aiki da rana suna bambance launi, da masu siffar sanda, da ke aiki cikin duhu. Lafiyayyen ido yana iya raba abu biyu idan tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Daga nisan santimita 60, wannan ya zo daidai da kusan milimita 0.17. Saboda haka allon da ke aiki da cikakken adadin ɗigoginsa ya yi wa ido daidai. Idan adadin ya ragu, nan take ido yake ganewa.

Inda matsalar take fitowa

Da zarar an kunna kwamfuta, takan tambayi allo ta wayar HDMI ko ɗigo nawa yake da su. Allon yana ajiye da amsar a wani ɗan bayani da ake kira EDID. A jirgi, inda komai ke jan wuta daga batir, sau da yawa kwamfuta kan riga allo tashi. Wasu alluna masu araha kuma bayaninsu ba daidai ba ne. Kwamfutar da ba ta sami amsa ba sai ta yi kirdado, ta aika da hoto na wani awo dabam, alal misali 640 × 480.

Illar haka iri uku ce. Da farko, rubutu yakan dushe, har lambar zurfin ruwa 3 ta yi kama da 8. Na biyu, akwatunan umarni na manhaja sukan fi ƙarfin allo, maɓallin amincewa ya faɗa can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Na uku, wanda ya fi haɗari, hoton da aka tsara faɗinsa 4 tsayinsa 3, idan aka shimfiɗa shi ya cika wannan allo, faɗinsa yakan ƙaru da kusan sulusi. Da'ira ta koma siffar ƙwai, kusurwa ta karkace, mil ɗaya zuwa gabas ya fi mil ɗaya zuwa arewa tsawo a ido.

Matakan gyara

Mataki na farko shi ne a duba takardar allon a san ainihin adadin ɗigoginsa, sa'an nan a kunna allo kafin kwamfuta. Idan hoto ya gyaru, to an gano bakin zaren.

Na biyu, a tilasta wa kwamfuta awon da ake so. A tsofaffin tsare-tsaren Raspberry Pi ana yin haka ne a fayil ɗin config.txt, amma a tsarin Bookworm na 2023 da waɗanda suka biyo baya waɗancan umarnai sun daina aiki. Yanzu a fayil ɗin cmdline.txt ake ƙara video=HDMI-A-1:1024x600@60D a ƙarshen layin da ke ciki, ba tare da buɗe sabon layi ba. Harafin D yana sa kwamfuta ta aika da hoto ko da ba ta ji motsin allo ba.

Na uku, a koma cikin OpenCPN. Manhajar tana bukatar sanin faɗin allo a milimita domin ta lissafa sikelin taswira. Sai a auna da rula a rubuta mata, a kuma daidaita girman maɓallai da haruffa yadda matuƙi zai karanta daga inda yake tsaye. Gwaji na ƙarshe mai sauƙi ne: a sa manhaja ta zana da'ira kewaye da jirgi, a auna faɗinta da tsayinta, dole su zo ɗaya.

Abin da gyara ba ya magancewa

Ko allo ya daidaita, lissafi yana nan. A sikelin 1:50,000, ɗigo ɗaya yana wakiltar mita 7.5 na teku. A sikelin 1:3,000,000 kuwa, mita 450 ne. Dutse mai faɗin mita 100 bai kai rubu'in ɗigo ba. Bugu da ƙari, manhajojin taswira da gangan suke ɓoye ƙananan alamomi idan an nesanta hoto, don kada allo ya cunkushe. Shi ya sa ƙwararren matuƙi yake bin hanyarsa kaf a babban sikeli kafin ya tashi. Da dare kuma yakan mayar da allo launin duhu, domin ƙwayoyin ido masu siffar sanda sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su saba da duhu, haske mai ƙarfi kuwa yana rushe wannan sabo cikin ɗan lokaci.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su zana layi biyu a farar takarda, tazararsu milimita 1, su manna a bango, kowa ya riƙa ja da baya har layukan su haɗe su zama ɗaya. Mai lafiyayyen ido zai kai kusan mita 3 da rabi. A rubuta nisan kowa a allo, a kwatanta, sa'an nan a sake gwajin bayan an rufe tagogi.